Shekarar da Kala Ta Fi Ƙarfina

Duk lokacin da kuka taru a gidan nan da Sallah, sai wani ya jawo albam ɗin nan mai koren bango, ku buɗe tsakiyarsa ku yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma ina taya ku, don abin dariya ne. Ga Sadiya fuskarta jawur kamar an shafa mata manja, ga Usman cikin shadda mai shuɗin da ko bokitin roba bai kai ba, ga dalbejiyar ƙofar gida kore shar sai ka ce fenti aka yi mata. Kun raɗa wa lokacin suna shekarar kala, kuma kun yanke hukunci a tsakaninku cewa kwamfuta ce ta zo wa Baba da tsufa, ta gagare shi, ya ji kunya ya rufe shagon hoto. Ban taɓa musa muku ba, don na ga labarin yana yi muku daɗi. Amma yanzu jikoki sun fara maimaita shi, kuma a cikinsa babu mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta, alhali ita ce rabinsa. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda aka yi.

Kun taso kun tarar da ni mai hoto ne a ɗan shagona na kusa da tashar mota a nan Potiskum. A zamanin fim, mai hoto ba shi da ta cewa a kan launi. Ka ɗauka, ka naɗe fim ɗin a leda, ka ba direban da ka yarda da shi ya kai Kano a wanko, abin da ya dawo kuma shi ne rabonka. In rigar mutum ta fito a dushe, sai ka ba shi haƙuri, shi ma ya haƙura. Haka na yi shekaru ina yi, har sabuwar kyamara marar fim ta shigo gari. Usman ne ya matsa sai na saya. Da ya zo hutu daga Maiduguri ya haɗa mini kwamfuta da injin buga hoto, ya zauna yana nuna mini abubuwa da saurin nan nasa na wanda ba ya son a yi masa tambaya. Yawancin abin da ya faɗa ta kunnen dama ya shiga ta hagu ya fita. Abu ɗaya ne ya tsaya mini: wani ɗan layi a gefen allo mai ƙulli a tsakiyarsa. Ya ce in na ja ƙullin zuwa hagu launi zai ragu, in na ja shi dama zai ƙaru.

Ranar da ya tafi, ko abincin rana ban ci ba. Na ɗauki hoton mai tumatir da ke zama a bakin shagona, na sa a kwamfuta, na ja ƙullin hagu a hankali. Tumatir ya yi ta ramewa, ya koma ruwan ƙasa, ya koma toka, har hoton ya zama irin na kakanninmu. Na dawo da shi dama, sai na ga tumatir yana nuna a gaban idona, ya wuce nuna, ya kama ƙyalli kamar garwashi. Na leƙa waje na dubi tumatir na gaskiya, na dawo na dubi nawa. Wallahi nawa ya fi kyau. Na zauna ina tambayar kaina, wai a ina wannan jan yake ɓoye? A cikin tumatir ɗin yake tun farko ido ya kasa gani, ko injin ne ya ƙirƙiro shi? Ni mutum ne da tambaya irin wannan kan hana ni sakat, kun san halina.

Mutane kuwa suka so abin. Direbobin tirela su zo a ɗauke su jingine da motocinsu, in ƙara wa zanen jikin motar kala, su tafi suna nuna wa tasha duka. Dillalan shanu, 'yan makaranta, matan da suka yi sabon lalle, kowa maganarsa ɗaya ce, a ƙara. Sai na lura da wani abu game da kaina. Inda na tsayar da ƙullin yau na ce ya yi, gobe in na duba sai in ga kamar bai kai ba. Kamar sukari a shayi ne, abin da harshe ya saba da shi yakan daina jin sa. Na riƙa matsawa kaɗan-kaɗan. A lokaci guda kuma hotunan da ke fitowa daga kyamara suka riƙa zuwa mini a kwance, ba rai, kamar an wanke su da ruwan kanwa. Na zagi kyamarar. Na zagi masu tawada. Na canja allon kwamfutar. Har gida na kai ƙarar, ina ce wa mahaifiyarku atamfar zamani ba ta da riƙo, dubi zanin jikinta yadda ya koɗe.

"Zanin da ka kawo mini shekaranjiya?" ta ce. "Malam, ko ruwa bai gani ba."

Na ce to a koɗe suka saƙa shi. Ta dube ni, ta ci gaba da aikinta.

Wadda ta tona asirin wata tsohuwar mai zuwa wurina ce, Maman Bulus, mutuniyar Filato, mijinta ma'aikacin gwamnati ne a nan garin. Ita ce shugabar zumuntar matan cocinsu. Sun ɗinka anko, na je na ɗauke su a jere, na dawo na gyara hoton da kyau, na buga babba. Bayan kwana biyu sai ga ta da rana tsaka, shagon cike da mutane, hoton a hannu ɗaya, ƙullin leda a ɗayan. Ta gaishe ni yadda ta saba, har da tambayar Hajja, mahaifiyarku, da yara, sannan ta kwance ledar ta fito da zanin ankon ta shimfiɗa a kan teburina, ta ɗora hoton a gefensa.

"Baba, ba faɗa ya kawo ni ba," ta ce. "Amma wannan ba zani namu ba ne. Mata sun ce ko wani coci ka ɗauka."

Na sunkuya na dubi zanin, na dubi hoton a kan takarda. Na ga hoton ya ɗan fi zanin rai, shi ke nan, kuma ai aikina ke nan. Na ce mata, "Madam, ai shi ne. Ɗan gyara ne na yi masa kaɗan."

"Kaɗan?" ta ce. "Baba, wane kala ne zanin?"

"Ruwan toka mai ɗan kore."

Wani direba da ke jiran hotonsa ya yi tari ya kau da kai. Maman Bulus ta sauke murya ta ce zanin ruwan sararin samaniya ne, shuɗi mai haske, a hoton kuma ya koma shuɗi mai ihu, fuskokin matan sun zama kamar gasasshen nama. Ta ce in yi haƙuri, amma ko na taɓa zuwa an duba mini ido?

Za ku zaci tsoro ne ya fara kama ni. Mamaki ne. Da ta tafi na fito bakin titi na rufe idon dama da tafin hannu na dubi sama, sannan na rufe na hagu. Sama biyu na gani. Ta idon hagu da sauran shuɗi a jikinta, ta dama kuwa kamar an tsoma ta a ruwan shayi. Na gwada da farar takarda, na gwada da keken haya, na gwada da bangon masallaci da na san an yi masa farin fenti. Komai da ɗan rawaya-rawaya a jikinsa, ɗaya idon ya fi ɗayan. Na yi kwanaki ina yawo a gari ina rufe ido ɗaya ina buɗe ɗaya, har mai shayi ya tambayi maƙwabcina ko lafiyata ƙalau. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ban san ranar da aka fara ba. A hankali aka yi ta rage mini launin duniya, ni kuma a hankali na yi ta biyan kaina da ƙullin nan, ina ɗora wa mutane abin da idona ya rasa.

Na je asibiti aka haska. Likitan ya ce yanar ido ce a duka idanun, ta dama ta nuna. Ya ce ita yana kafin ta rufe gani sai ta fara shanye shuɗi ta shafa wa komai rawaya. Ya ce aiki ne ƙarami, a cire a sa wani ɗan gilashi a ciki. Na yi masa godiya na fito, a raina na ce ba da ni ba. Ba ku san kakanku ba, amma ni na san shi da ido, kuma na san shi babu. Yana ce ta fito masa ina saurayi. Aka kira wani mai yawo ƙauye-ƙauye yana kwantar da yana da tsinken ƙarfe. Ni na riƙe masa kai. Ya ga haske kwana kaɗan, sannan idon ya kumbura, daga nan har ya koma ga Allah ni ne sandarsa. Likita ya yi ta bayani cewa wannan daban wancan daban, na kuma yarda da shi a kaina, amma jikina ya ƙi. Gara duniya mai ruwan shayi da baƙar duniya, haka na gaya wa mahaifiyarku.

Ba ta yi gardama ba a ranar. Washegari na ga ta sa hijabi ta ɗauko kujera 'yar tsugunno da kwanon gyaɗar da take ɓarewa.

"Ina zuwa, Hajja?"

"Shago. Tunda ka ƙi a gyara naka, sai ka ari nawa."

Haka muka shiga wani zama da ban taɓa zaton za mu yi ba. Na yi mata wuri bayan labule, kusa da kwamfuta. In na buɗe hoto sai in mayar da ƙullin tsakiya, in fara ja a hankali, ita tana ɓarar gyaɗa tana satar kallon allo. In ya kai inda ya dace sai ta ce, "Tsaya." Ni a wurina hoton ko farkawa bai yi ba. In ce mata, Hajja, wannan ai gawa ce. Ta ce, "Tsaya na ce." Wani lokacin in ta juya in ɗan saci ja kaɗan, sai in ji an buge mini hannu da ɓawon gyaɗa. Shekara da shekaru muna aure, amma a watannin nan ne na san matar da nake zaune da ita tana da ido irin na masu rini. Ta san bambancin jan barkono da jan albasa da jan lalle. Ta san baƙin ɗan ƙabilar Ngizim daban yake da na Bafillace, kuma in an cika kala duk sai su zama abu ɗaya. Ita ta nuna mini cewa fatar mutum ce take fara lalacewa kafin tufafi, don haka fuska za a kalla, ba riga ba.

Na sake buga wa matan zumunta hotonsu, Maman Bulus ta zo ta ga zaninsu ya dawo zaninsu, ta yi ta sa albarka. Sannan ta ce tunda ta zo, a ɗauke ta ita kaɗai. Na ɗauka. Ta zagayo bayan labule ta tsaya a kanmu, Hajja ta ce tsaya, na tsaya. Maman Bulus ta ƙare wa kanta kallo, can ta ce, "Hajja, a ɗan ƙara mini kaɗan mana." Muka kwashe da dariya mu uku. Ranar na gane ba ciwon ido kaɗai ke jan hannun mutum zuwa dama ba. Mai lafiyayyen ido ma yana so. Na tambayi mahaifiyarku me ya sa, ta ce ai mutum ba yadda yake yake tuna kansa ba, yadda ya ji ranar da ya yi kwalliyar yake tunawa, kuma ji ya fi gani kala. Na daɗe ina juya wannan maganar.

Da an bar ni, da haka zan ƙare rayuwata, ni da ƙulli ita da tsaya. Aiki ya gyaru, masu ƙorafi sun daina, ga hira. Amma da damina ta kama sai Hajja ta canja. Ta fara tayar da maganar asibiti, yau da lallashi gobe da faɗa. Ta daina zuwa da gyaɗa, ta ce hannunta ya gaji. Takan jingina da bango ta yi gyangyaɗi, sai na taɓa ta kafin ta ce tsaya. Na ɗauka zaman shagon ne ya ishe ta, kuma na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba. Ku kuma ba kwa nan, Sadiya tana ɗakinta a Damagum da goyo, Usman yana Maiduguri. Da kuka matsa a turo muku hotonta, ita ta zauna a kaina ta ce in rage nan, in ƙara can, in haskaka idon. Na yi mata tsiya na ce ashe cutar Maman Bulus ta kama ki. Ta yi murmushi ta ce in dai yi abin da ta ce.

Wata safiya muna karyawa ta ajiye kofi ta ce, "Malam, daga yau na daina zuwa shago."

"Saboda me?"

"Saboda muddin ina zuwa ba za ka je ba. Na zama maka sanda tun kana gani."

Na ce mata ta san abin da ya sami mahaifina. Ta ce ta sani, amma mahaifina yana da ni, ni kuwa wa nake da shi, yara kowa ya kama gabansa. Na ce ina da ke. Ta tattara kwanuka ta shiga ciki. Na yi fushi na tafi shago ni kaɗai, na zauna gaban hoton wani jariri, hannuna a kan ƙulli, ban san inda zan tsaya ba. Na ja dama na ji tsoro, na ja hagu na ji tsoro. A da ina ɓata hoto da ƙarfin zuciya don ban sani ba, yanzu na sani, kuma ba mai ce mini komai. Kafin azahar na rufe shago na dawo gida na ce mata ta shirya, na yarda a yi na dama.

Ita ta kai ni. Ina kwance ana aikin ina jin motsin ƙarfe, ba abin da nake gani a raina sai hannuna a kan goshin mahaifina, ina ta salati. Aka rufe idon da auduga muka dawo. Washegari da safe muka koma, ta riƙe hannuna muka sauka daga keke, don ido ɗaya mai yana ba ya auna tudu da kwari. Ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta ɗaye audugar a hankali ta ce in buɗe.

'Ya'yana, ban san yadda zan gaya muku ba. Rigar matar nan fara ce, fari irin wanda na manta akwai shi. Ta taga na hango sama, shuɗin ya buge ni har na yi baya. Akwai wani bokiti ja a lungu, na zura masa ido kamar ƙauye ya zo birni. Na rufe sabon idon na duba da tsohon, ga duniyar shayi da na sani. Na buɗe, ga wata wankakkiya. Na yi ta yi ina dariya kamar yaro, ina kiran sunan launin komai, ma'aikaciyar tana taya ni. Takarda fara, bango fari, audugar da ke cikin kwano fara. Na juya in nuna wa Hajja, tana zaune a kan benci kusa da ƙofa.

Fuskarta ta faɗa, wannan na fara gani. Sannan na ga idanunta. Inda ya kamata ya zama fari, rawaya ne, ruwan ɗorawa sosai. Na ce a raina sauran yana ce ba ta gama fita ba. Na dubi idon ma'aikaciyar, fari tas. Na dawo kan Hajja, rawaya. Na dubi tafin hannunta da ke kan cinyarta, shi ma haka. Na rufe sabon idon da hannu, sai ta dawo Hajjata da na baro jiya, ba abin da ya same ta, don a wannan idon kowa rawaya ne. Na daɗe a haka hannuna a kan fuska. Ban so in cire ba. Tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, har da na jiya a kan gadon aiki.

"Cire hannun, Malam," ta ce. "Ka gani, ko?"

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina. Na zo nan da ƙanwata sun duba. Hanta ce."

"Kowa ya sani ban da ni?"

"Duk mai ido ya sani. Na roƙe su kada a gaya maka, kada a gaya wa yara."

Na tambaye ta don me. Ta ce da ta gaya mini, da na ce ba mai taɓa idona sai ta warke, ita kuma likita bai yi mata alkawarin warkewa ba. Ta ce ba za ta tafi ta bar ni ina lalube ba. Ta faɗe shi ne kamar tana maganar cefane, sannan ta laluba jakarta ta ɗauko katin asibitinta ta miƙo mini.

"Yau ma ranar ganin likitana ce, ɗakinsa yana can ƙarshen baranda," ta ce. "Jiri nake ji in na daɗe a tsaye. Yanzu kai ne mai ido, sai ka shiga gaba."

Na tashi na kama hannunta muka fita. Shagon kuwa ban sake buɗe shi ba, don tun daga wannan safiyar har ranar da muka kai ta makwancinta bayan kaka, ban yarda na ɗauke idon nan daga kanta ba.